Makarantar kuɗi ta yara ƙanana: abin da ke bayan allon ƙofa

Kowace shekara, da zaran watan Satumba ya raba tsakiya, allunan makarantun kuɗi kan sha sabon fenti a bakin titunan Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Lokacin komawa lakwal ya ƙarato ke nan, kuma a gidaje da yawa shawara guda ake yi: ina za a kai yaron da ya cika shekara 3 ko 4, wanda bai isa shiga ajin farko na firamare ba?

Makarantar yara ƙanana, wadda jama'a ke kira jardan, ba wurin ajiyar yaro ba ce kafin uwarsa ta taso daga aiki ko kasuwa. Dokar tsarin ilimi ta ran 1 ga watan Yuni 1998 ta sanya ta a matsayin matakin farko na ilimin tushe, kuma ta yarda masu zaman kansu su buɗe makarantu bisa kulawar hukuma. Birane kuwa sun cika sun batse. Ƙidayar 2012 ta tarar da mutum fiye da miliyan guda a Yamai kaɗai. Azuzuwan gwamnati ba su ishi kowa ba, saboda haka makarantun kuɗi sunka yawaita a unguwanni. Akwai nagari a cikinsu, akwai kuma waɗanda gidan haya ne kawai anka kafa ma allo.

Abin da ya fi jan hankalin uwaye sananne ne: suna mai daɗin ji, tufafin makaranta masu kyau, da yaron maƙwabci da ya dawo gida yana rera waƙa da faransanci. Duk waɗannan daga waje ake ganinsu. Abin da ya kamata a fara dubawa yana ciki, watau ɗakin da yaron zai wuni.

Jama'ar Nijar ba su manta da shekarar 2021 ba. Ran 13 ga watan Afrilu gobara ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 sunka rasu, galibinsu ƴan jardan. Ran 8 ga watan Nuwamba irin wannan masifa ta auku a Maraɗi, inda aƙalla yara 25 masu shekara 5 zuwa 6 sunka rasa rayukansu. Bayan haka ne gwamnati ta hana sanya ƴan jardan cikin ajin zana a duk faɗin ƙasa. Babba in ya ga wuta ya san ta inda zai bi. Ɗan shekara 4 kan tsaya ne yana kuka, ko ya maƙale a lungu. Don haka uban da ya zo neman wuri sai ya duba rufin aji, ya ƙirga ƙofofi, ya ga ko yara talatin za su iya fita a lokaci guda. Ginin siminti ma bai wadatar ba in ƙofarsa guda ce, tagoginsa kuma ƙanana masu ƙarafa. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi kan wuce awo 40, kuma ɗakin kwano maras iska ya kan koma tanda tun kafin azahar. Sai a tambayi ruwan sha: fanfo ne, ko randa mai murfi? A leƙa makewayi a ga ko bakin ramin ya dace da ƙaramin yaro. A tsaya a bakin ƙofar makaranta lokacin tashi, a ga ko akwai mai tsaro, ko kuwa duk wanda ya miƙa hannu ana ba shi yaro.

Bayan ɗaki sai malama. Darakta shi ke karɓar kuɗi, amma ita ce ke tare da yaron tun safe. Yara nawa ke hannunta? Tana da mataimakiya? Ta samu horo na musamman kan yara ƙanana, ko kuwa an ɗauke ta ne don albashinta bai da yawa? Makarantar da malamanta ke sauyawa kowace shekara akwai abin da ke korarsu, kuma sau da yawa rashin biya kan lokaci ne. Ajin jardan da ke tsit kamar masallaci abin tuhuma ne, domin yaro a wannan shekaru da wasa ya ke koyo: zane, ƙirga da tsakuwa, tatsuniya, riƙon alli. Inda anka ga bulala bisa tebur, babu sauran tambaya.

Maganar harshe ita ce uwaye sunka fi ruɗuwa a kanta. Yaro na iya haddace waƙar faransanci baki ɗaya ba tare da ya san ma'anar kalma guda ba, kuma hadda ba ita ce fahimta ba. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna ɗalibai a ƙasashe goma masu aiki da faransanci, ya nuna cewa a Nijar ba a kai yaro 1 cikin 10 na ajin ƙarshe na firamare da ke karatu yadda ya kamata ba. Binciken 2019 ya nuna ci gaba, amma da sauran tafiya. Tun 1973 anka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin ya shiga faransanci, kuma masana ilimi sun daɗe suna nuna cewa wanda ya fara da harshen da ya ke ji ya fi saurin kama na biyu. A 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya sanya Hausa a matsayin harshen ƙasa, faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Malamar da ke bayyana ma yaro abu da Hausa ko Zabarmanci sannan ta faɗa masa sunansa da faransanci ba ta rage shi da komi ba. Wadda ke hukunta shi don ya nemi ruwa da harshen uwarsa, ita ce ke koya masa yin shiru.

Gidaje da yawa na son yaro ya haɗa boko da addini. Wannan ba sabon abu ba ne, domin tun 1957 anka buɗe madarasar faransanci da larabci a garin Say, kuma yanzu makarantun kuɗi masu irin wannan tsari suna ko'ina. Sai dai in yaro zai je makarantar allo da marece, a lura da gajiyarsa.

Kuɗin da anka rubuta a takarda ba shi ne duka ba. Akwai na rajista, na tufafi, na littattafai, na bukin ƙarshen shekara, ga kuma na kabu-kabu safe da rana in makarantar na da nisa. Magidanci ya lissafa su gaba ɗaya, ya tuna cewa bayan jardan akwai shekara 6 na firamare, akwai kuma ƙanne da ke tafe. Yaron da anka kora gida a watan Fabrairu saboda ragowar kuɗi ya yi hasarar shekara, ya kuma ji kunyar da bai san dalilinta ba. Makaranta matsakaiciya ta cikin unguwa, wadda za a iya biya har ƙarshe, ta fi mai babban suna ta wancan gefen gari.

Uba na da ikon ya nemi ganin takardar izinin ma'aikatar ilimi, kuma daraktan da ke da ita ba ya jin nauyin nuna ta. Ita ma makarantar kirki za ta nemi takardar haihuwar yaro da katin rigakafinsa, domin ƙyanda da sanƙarau na saurin yaɗuwa inda yara ke cunkushe a lokacin rani. Ziyarar ranar rajista ba ta nuna komi, domin an share fili, an jera kujeru. Wanda ke da wata guda ko biyu a gabansa ya je tun makarantu ba su tafi hutu ba, ranar Talata ko Alhamis wajen ƙarfe 11, ba tare da ya aika ba, ya roƙi a bar shi ya tsaya kwata guda a bakin aji.