Ciwon ƙirji ba iri ɗaya ba ne: wanne ake jira, wanne ake rugawa likita?

Ranar zubi, in an gama ƙidayar kuɗi an rufe akwati, hira ba ta wuce ta gida da ta lafiya. Cikin kukan da muka fi ji akwai "ƙirjina ke ciwo". Wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce olsa ce, wata kuma ta kawo sunan ƙwayar da ta sha ta ji dama. Alhali ƙirji gida ne mai mutane da yawa: zuciya na ciki, huhu na ciki, ga hanyar da abinci ke bi zuwa tumbi, ga haƙarƙari da naman da ya rufe su. Kowanne ya samu matsala, a ƙirji ake jin ciwon, amma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na aiki da na ciki

Daka, surfe, jan guga da ɗaukar itace suna gajiyar da naman ƙirji. Wannan ciwon yakan ƙaru in kin danna wurin da yatsa, ko kin ɗaga hannu, ko kin juya. Hutu da parasetamol sukan wadatar. In ya yi kwanaki bai lafa ba, a je a duba.

Ƙwannafi kuma zafi ne da ke tasowa daga bakin ciki zuwa maƙogwaro, da ruwa mai tsami, musamman in an ci mai da tonka da yawa an kwanta nan take. Masu ciki sun san shi sarai. A ci kaɗan-kaɗan, a bar awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya. A yi hattara da ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla, irin su diclofenac da ibuprofène: suna cin tumbi, har su sa shi jini. Aman jini ko baƙin bayan gida kamar kwalta, wannan sai likita.

Na huhu

In ana jin suka duk lokacin da aka ja numfashi, ga zazzaɓi da tari, mai yiwuwa ciwon haƙarƙari ne, wato limoniya, kuma ba ya son jinkiri. Tarin da ya wuce sati 2, da zufar dare, da rama, ko kaki mai jini, a je a yi gwajin tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a likitar gwamnati, ana shan shi wata 6. Wadda ta daina sha don ta ji sauƙi, ciwon na iya dawowa ya ƙi jin magani. Mai sikila kuwa, yaro ko babba, in ƙirji ya kama shi da zazzaɓi ko haki, ba a kwana da shi gida.

Na zuciya

Shi wannan ba lallai ya zo da suka ba. Nauyi ake ji kamar an aza turmi bisa ƙirji, yana bi ta hannu, wuya, muƙamuƙi ko baya, da zufa mai sanyi da haki. Mu mata, wani lokaci ma gajiya ce kawai da tashin zuciya da sarƙewar numfashi, shi ya sa ake raina shi. Masu tansiyo, masu ciwon suga, masu ƙiba da waɗanda shekaru suka ja su suka fi zama cikin haɗari. Tansiyo ba ya sallama: sai an auna ake sani. In awo yana kai 14 bisa 9 ko fiye a kai a kai, ana bukatar kulawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma har da na cikin dunƙulen magi.

Mai jego

Nan muke son ku saurara da kyau. Likitoci a Zariya da Yamai sun daɗe suna bincike kan wani raunin zuciya da ke kama mata daga watan ƙarshe na ciki zuwa wajen wata 5 bayan haihuwa, kuma yana da yawa a ƙasar Hausa. Alamunsa: haki ko da ɗan aiki ne, kumburin ƙafafu, tarin dare, da kasa kwanciya sai an jingina. Kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, don haka kunun kanwa mai yawa da wanka da ruwa mai tsananin zafi suna ƙara wa zuciyar da ta gaji kaya. Iyayenmu da ke kula da masu jego, don Allah in kun ga waɗannan alamu kada a ce "jego ne, zai wuce". Haka nan in ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, sai ƙirji ya soke numfashi ya sarƙe farat ɗaya, gudan jini ne ake tsoro ya toshe hanyar huhu. Wannan na gaggawa ne.

Damuwa ma tana matse ƙirji, ta sa faɗuwar gaba. Mai bashi a kai ko rigima a gida ta san haka. Amma ba a cewa damuwa ce sai likita ya duba ya ga babu wani abu.

Abin da ƙungiya za ta iya

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ƙarfinmu shi ne ba ma barin ɗayanmu ita kaɗai. Abin da ya fi hana mace zuwa likita da wuri shi ne kuɗin mota da jiran izinin maigida. To, mu yi magana da mazajenmu tun ana lafiya. Mu yarda a taro cewa kuɗin taimako za su fita ko tsakar dare ne, ba sai ranar zubi ba. Shugaba da ma'ajiya su riƙe lambar mai mota ko mai babur. Mu roƙi ma'aikacin CSI ya ware mana rana ya auna tansiyon kowa.

In kin je, faɗa musu yaushe ciwon ya fara, ina yake, me ke ƙara shi, da duk maganin da kika sha, har na gargajiya. In sun tura ki babbar likita a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ki tafi, kada ki koma gida ki jira. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.