Shara a saman shago: aikin da ake mantawa da shi a Dantchiao har sai rufi ya fara yoyo

Ranar 3 ga Satumba, 2024, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. A wannan daminar ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Jamhuriyar Nijar, ta shafi sama da miliyan guda, har gwamnati ta ɗage komawa makarantu zuwa 28 ga Oktoba.

Ba duka ɓarnar ce ta zo da ruwan da ke gudu a ƙasa ba. Gine-gine da yawa daga sama ruwa ke cin su, a hankali, ta rufin da ba wanda ya hau ya duba.

Dantchiao ƙaramar hukuma ce a gundumar Magarya, daf da iyakar Najeriya, a yankin da ke cikin waɗanda suka fi samun ruwan sama a jihar Damagaram. A nan, kamar a Dungas da sauran garuruwan kasuwa, shaguna da sito-sito iri uku ne: masu rufin kwano, masu soron ƙasa da azara, sai 'yan ƙalilan masu dakin na siminti. Kwano na zubar da ruwansa da kansa. Sauran biyun shimfiɗaɗɗu ne, hanyar fitar ruwansu ɗaya ce: indararo.

Daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa watan Mayu, wata bakwai ke nan rufi yana tara kaya. Ƙurar hunturu ta kwanta, iska ta kawo leda da ganyen dogonyaro, tantabaru su yi kashi, mai shago ya jefa tsohuwar taya da kwalaye don ba ya da wurin ajiye su. Ruwan farko na sauka sai ya kwashi wannan tarkace ya cusa a bakin indararo. Daga nan rufi ya zama tafki.

Lissafin ba wuya. Rufin shago mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4, idan ruwa ya kwanta a kansa da zurfin santimita 5 kacal, lita 1,000 ke nan, wato nauyin tan guda. A kan soro kuwa ƙasar ma tana shan ruwa ta ƙara nauyi, alhali azarar da ke ɗauke da ita ƙila gara ta riga ta ci bakinta inda ta shiga bango.

Dakin ma bai tsira ba, ko da yake masu shi sun fi kowa sakin jiki. Zafin bazara na tsattsaga siminti, ruwa ya bi tsagar ya kai ga rodi. Rodi idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, sai ya fasa simintin da ke lulluɓe da shi. Ɓaraguzan da ke faɗowa daga saman shago, da jan zanen da ke bin rufi ta ciki, alamar ke nan cewa ruwa ya daɗe da shiga.

Shi kuwa baƙin dattin da ke manne a rufi, da gansakukar da ke yin kore a gefen indararo lokacin marka, ba muni kawai suke jawowa ba. Riƙe laima suke yi, su hana wuri bushewa ko da rana ta fito. Ruwan da ya kwana goma a kwance ya isa sauro ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe, a daidai watannin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara.

Babbar asarar tana ƙarƙashin rufin. Wannan yanki ne na gero da wake da gyaɗa da riɗi, kuma 'yan kasuwa kan saya da kaka su ajiye sai farashi ya tashi da damina, lokacin da rufi ke yoyo. Buhun da ya sha laima zai yi funfuna. Wani nau'in funfunar da ke kama gyaɗa da masara na fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda ke da alaƙa da kansar hanta, kuma dafuwa ko suya ba sa kawar da ita. Irin wannan gyaɗar sau da yawa ba a zubar da ita, karya mata farashi ake yi, ta koma ƙuli-ƙuli.

Yadda ake tsaftacewa ya danganta da irin rufin, kuma a nan ne ake tafka kuskure. Soro ba a wanke shi da ruwa. Sharewa ake yi da tsintsiya, a cire ciyawar da ta tsiro tun saiwarta ba ta nutse ba, a toshe tsaga da ramin ɓera, sannan a yi yaɓe yadda ruwa zai gangara zuwa indararo. Magina na da kan gama da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. Yanzu leda ake shimfiɗawa a bi da ƙasa. Tana aiki, amma in ta huje ruwa ya shiga, ita ce kuma za ta hana shi fita. Lafta sabuwar ƙasa kowace shekara ba tare da kankare tsohuwa ba, ƙarin kaya ne ga azara.

Dakin shi ke ɗaukar wanki. A share tukuna, a goge da burushi mai tauri da omo, a zuba ruwan jabel da aka sirka inda gansakuka ta kama, a bar shi 'yan mintoci, a ɗauraye. Kada a haɗa jabel da ruwan batir ko wani sinadari mai tsami, domin iskar da ke tashi tana ƙona huhu. Sai rufi ya bushe sarai ake cike tsaga da siminti ko kwalta. In an shafa a kan laima, ɓarewa zai yi kafin damina ta raba.

Aikin yana da hatsari. Jiƙaƙƙen soro na iya burmawa da mutum, gansakuka na da santsi, ga wayoyin faifan sola da masu cajin waya ke bazawa a saman shaguna. Shi ya sa Afrilu da farkon Mayu suka fi dacewa, da sassafe kafin rana ta yi zafi.

To, wa zai hau? Wani ɓangare na sababbin shagunan yankin da kuɗin 'yan ci-rani aka gina su, daga Kano, Legas, Libiya ko Aljeriya. Mai ginin yana nesa, hoton gaban shago kawai ake tura masa ta WhatsApp, fenti na sheƙi. Ɗan haya na ganin gyaran rufi na mai gini ne, ɗan'uwan da ke karɓar haya kuma bai taɓa jingina tsani ba. Akan yi yarjejeniya da baki a kan kuɗin wata, amma da wuya a ambaci wanda sharar rufi ke wuyansa.

Ɗan ci-ranin da ke son sanin halin da gininsa ke ciki, hoto uku ya kamata ya nema kafin watan Yuni: saman rufin, bakin indararo, da rufin ta ciki daidai inda ake jera buhuna.