Nijar ta fita daga ECOWAS: me ya shafi aljihun manomin Tambuwal?

Ɗan'uwa manomi, idan kana noma a Tambuwal ko fadamar Kebbe, za ka iya cewa rigimar ECOWAS ta manya ce, ina ruwanka? To, da ruwanka. Albasar da ka ɗora a mota da ragon da kake son saya don kiwo, duk hanyarsu tana taɓa Illela da Birnin Ƙonni, ko Kamba da Gaya.

A ranar 28 ga Janairu 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun bar ƙungiyar, fitar kuma ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025. Wasu suna haɗa wannan da rufe boda, alhali ba abu ɗaya ba ne. Rufewar ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma an buɗe a Maris 2024. Da fitar ta tabbata, ECOWAS ta ce a ci gaba da barin mutane da kaya su wuce yadda aka saba har sai an sake magana. Wato hanya a buɗe take, amma kan alkawari ne na wucin gadi.

Maganar kuɗi fa? ECOWAS tana samun kuɗinta ne daga harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga wajen yankin. Tana da bankinta a Lome, tana kuma da rumbun hatsi na yanki da ake buɗewa lokacin yunwa. Wanda ya fita ya daina zubi, don haka bai da tabbacin ɗauka. Su ma ƙasashen uku a Maris 2025 sun sa nasu harajin, shi ma rabin kashi ɗaya cikin ɗari, a kan kayan da ke shiga musu daga waje, don su riƙe sabuwar ƙungiyarsu ta AES. Yi lissafi: kayan naira miliyan ɗaya, harajin dubu biyar ne. Ba shi zai karya ka ba. Idan dillali ya zaftare maka farashi sosai ya ce wai sabon haraji ne, ka tambaye shi nawa ne harajin.

Abin da ya fi taɓa tukunyarka shi ne hatsi da canji. A Oktoba 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi, har da gero da dawa da shinkafa, zuwa ko'ina ban da Mali da Burkina Faso. Ga kuma sefa: Nijar ba ta bar ta ba, kuma sefa a ɗaure take da yuro. Duk lokacin da naira ta faɗi, mai sefa yana ganin hatsinmu da araha, sai ya kwasa, kwano ya tashi a kasuwarmu. Mai sayarwa ya ji daɗi ranar nan. Amma shi ɗin ne zai dawo da damina yana sayen abin da ya sayar da tsada, in bai bar na ci a rumbu ba. Haka ma dabba: naira in ta yi rauni, ragon Nijar sai ya yi tsada a hannunka.

Kuma mu faɗi gaskiya, ba kowace tsada ce laifin fitar Nijar ba. Kuɗin mota da na man injin ban-ruwa sun haura ne tun cire tallafin fetur a Mayu 2023, kafin ma a yi juyin mulkin.

Don haka kafin ka sayar, ka ware abincin gida na shekara tukuna. Ka tambayi canjin sefa na ranar kasuwa, ba na makon jiya ba. Masu albasa, ku kuka fi shiga haɗari, domin ita ba ta jiran a gama taro. Kwana kaɗan a boda cikin zafi sun isa ta fara ruɓewa. Kada ka ɗora mota zuwa Gana ta Nijar da Burkina sai ka ji daga bakin direban da ya dawo cikin makon nan, kuma ku yi magana tun a gida kan wanda zai ɗauki asarar idan mota ta kwana a hanya.