Birtaniya: Wa ke da dukiyar da aka tono a wurin shaƙatawa?

A ƙasar Birtaniya, dubban mutane ne ke fita a ƙarshen mako ɗauke da na'urar gano ƙarfe, suna bin gonaki da bakin teku da wuraren shaƙatawa na jama'a, domin neman zobba da sarƙoƙi da tsoffin tsabar kuɗi da ƙasa ta binne.

Yawancinsu dai suna komawa gida ne da marafan kwalba da tsatsattsun ƙusoshi. Amma lokaci-lokaci wani kan yi gamo da katar, daga nan kuma sai tambaya ta taso: shin abin da aka tono na wanda ya tono ne?

A dokar Ingila, amsar sau da yawa ita ce a'a.

Yadda na'urar ke aiki

Na'urar sanda ce mai faifai a ƙasanta, kuma a cikin faifan akwai naɗaɗɗiyar waya wadda lantarki ke bi, yana haifar da ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa ƙasa.

Idan wannan ƙarfi ya ci karo da zinari ko azurfa ko tagulla, sai ƙarfen ya mayar da martani, na'urar kuma ta yi ƙara a kunnen mai riƙe da ita. Na'urorin zamani kan nuna irin ƙarfen da suke zato, ko da yake sukan kasa bambanta zoben zinari da guntun gwangwani.

Danginta ne ake bincikar mutane da su a filayen jiragen sama, kuma irinta masu neman zinari suka riƙa amfani da ita a yankin Jado na arewacin Nijar daga shekarar 2014.

Shari'ar Farnham

A shekarar 1992, wani mutum mai suna Ian Fletcher ya shiga wurin shaƙatawa na garin Farnham da ke kudancin Ingila da na'urarsa. Ya tona ƙasa kamar inci tara, ya ciro wani abin ado na zinari da ake maƙalawa a riga, wanda ya shekara ɗaruruwa a binne.

Ƙaramar hukumar Waverley, wadda ke da filin, ta ce kayan nata ne. Kotun farko ta bai wa Mista Fletcher gaskiya, amma a shekarar 1995 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin.

Alƙalan sun ce abin da ke cikin ƙasa, matuƙar ba a san mai shi na asali ba, mai filin ya fi wanda ya gano shi haƙƙi a kansa. Sun kuma ce an buɗe wurin ne domin jama'a su sha iska su yi wasanni, kuma tona ƙasa ba ya cikin abubuwan da aka yarje musu.

Hukuncin ya sha bamban da na wata shari'a ta shekarar 1982, inda wani fasinja ya tsinci munduwar zinari a ƙasa a ɗakin jira na filin jirgin sama na Heathrow. Da ba a samu mai ita ba, kamfanin jirgin ya sayar, kotu kuma ta ce kuɗin na fasinjan ne, domin munduwar a sarari take ba a binne ba.

Saboda haka duk mai son yin wannan nema a wurin shaƙatawa, sai ya fara samun izinin ƙaramar hukuma. Wasu kan bayar bisa sharuɗɗa, wasu kuma sun hana baki ɗaya. A wuraren tarihi da doka ta keɓe kuwa, laifi ne a yi amfani da na'urar ba tare da rubutaccen izini ba, a ƙarƙashin wata doka ta 1979.

Dokar taska

Idan abin da aka gano tsoho ne sosai, wata doka ce daban ke aiki, wato dokar taska ta shekarar 1996, wadda ta shafi Ingila da Wales da Ireland ta Arewa.

Dokar ta ce duk abin da ya kai shekaru 300, kuma aƙalla kashi 10 cikin 100 nasa zinari ne ko azurfa, taska ce. Tsabar kuɗin zinari ko azurfa kuwa, sai an samu biyu ko fiye a wuri guda. A shekarar 2023 an faɗaɗa dokar ta haɗa da wasu kayan ƙarfe da suka kai shekaru 200, idan suna da muhimmanci na musamman ga tarihi.

Wajibi ne wanda ya gano taska ya sanar da hukuma cikin kwanaki 14. Idan wani gidan adana kayan tarihi yana so, sai wani kwamiti ya yi wa kayan kuɗi, a biya lada, wanda galibi ake rabawa biyu tsakanin mai ganowa da mai fili.

Haka aka yi a shekarar 2009, lokacin da Terry Herbert ya gano kayan zinari da azurfa fiye da 3,500 a wata gona a yankin Staffordshire. An ƙiyasta su a kan fam miliyan 3 da dubu 285, suka raba da manomin.

Shekaru biyu kafin nan, wani uba da ɗansa sun gano tsabar azurfa 617 kusa da garin Harrogate, waɗanda aka binne fiye da shekaru dubu da suka wuce. Daga ciki har da dirhamomin da aka buga a ƙasashen Musulmi, ciki har da birnin Samarkand, abin da ke nuna nisan da fatauci ya kai a wancan zamani.

Masu ɓoyewa kuwa suna ɗanɗana kuɗarsu. A shekarar 2019 an ɗaure wasu mutum biyu shekaru da dama a gidan yari, bayan sun gano wata taska a Herefordshire a 2015 suka ƙi bayyana ta, suka shiga sayarwa a asirce. Har yanzu ba a gano yawancin kuɗin ba.

Tsintuwa da rikazi

A wurin shaƙatawa dai, abin da aka fi samu shi ne zoben aure ko ɗan kunne da ya faɗi kwanan nan, wanda mai shi na nan da ransa. A dokar Ingila, wanda ya riƙe irin wannan alhali yana ganin za a iya gano mai shi, ana iya tuhumarsa da sata.

Malaman fiƙihun Musulunci ma sun daɗe da raba waɗannan abubuwa biyu. Tsintuwa mai daraja ana cigiyarta tsawon shekara guda, shi kuwa rikazi, wato dukiyar mutanen da da aka binne kafin Musulunci, ana fitar da kashi ɗaya cikin biyar daga cikinsa.

Masana tarihi a Birtaniya sun kasu a kan masu wannan nema. Wasu na cewa ciro abu daga inda yake kwance na lalata bayanan da ke tattare da shi. Wasu kuma na nuni da shirin rajistar kayan tarihi da aka fara a 1997, wanda ya zuwa yanzu ya tattara bayanan abubuwa fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu daga hannun masu na'urar.