Tashen 'Yan Mata: Dandalin da Ke Faɗar Rayuwar Cikin Gida

Idan azumi ya kai kwana goma, aka sha ruwa, sai lungunan unguwar Bolewa da ke Fataskum su cika da yara masu tashe, kamar sauran garuruwan Arewa. Mai lura zai ga cewa wasan 'yan mata daban yake. A wasan Mairama da Daudu, wata za ta zura riga da hula ta zama miji, wata ta zama amarya, sauran kuma su yi ta koya mata zaman aure. Ba dandamali, ba labule. Tsakar gida ce fagen, matan gida ne 'yan kallo, kuma rayuwarsu ce ake nuna musu.

Wannan fasaha ba yau ta fara ba. A fadojin ƙasar Hausa an san wasan gauta, inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da fadawansa, su nuna musu halinsu cikin raha. Amma da wasan kwaikwayo ya koma takarda, alƙalami sai ya faɗa hannun maza. Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Jatau Na Kyallu a 1960, Mohammed Sada kuma ya rubuta Uwar Gulma a 1968, kan wahalar da Halima ta sha a gidan mijinta. Littattafai ne masu daraja, sai dai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Hanyar gyara tana nan kusa. Tun shekarun 1970 malaman Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Michael Etherton da Salihu Bappa, suka fara fita Samaru da ƙauyukan kewaye, suna sauraron damuwar mutane, sannan a mayar da ita wasa. Can arewacin Kanada ma, a Nunavut, ƙungiyar Qaggiavuut ta al'ummar Inuit ta shirya wasan Kiviuq Returns a 2017 da harshensu, daga labaran da dattawansu suka bayar.

Fataskum ba ta rasa labari ba. An san ta da kasuwar shanu, kuma nan hedikwatar masarautar Fika take tun 1924. To ina labarin mai tashi da asuba ta soya ƙosai don kuɗin makarantar 'ya'yanta? Ina na mai adashe, da na wadda rikicin Boko Haram ya bari da marayu? Su ya kamata su tsara wasan, su taka shi da Bolanci da Hausa, domin harshen da aka daina wasa da shi a tsakar gida ya kama hanyar ɓacewa.

Makarantun 'yan mata da gidajen rediyon Yobe za su iya buɗe wannan ƙofa. Yarinyar da ta iya zama Daudu a daren azumi, in aka ba ta fili, za ta iya faɗar abin da mahaifiyarta ta shekara ashirin tana haɗiyewa.