Garkar Monet a Giverny: tabkin da maƙwabta suka ƙi, yau shi ke ciyar da ƙauye

Giverny ƙaramin ƙauye ne a yankin Normandi na ƙasar Faransa, kimanin kilomita 75 daga birnin Pari. Duk shekara, daga watan Afrilu zuwa farkon Nuwamba, mutane sama da rabin miliyan suna biyan kuɗin shiga domin su ga gida guda da garkarsa. Gidan na Claude Monet ne, shahararren mai zane, wanda ya kama shi haya a shekarar 1883, sannan ya saye shi a 1890 bayan zanensa ya soma yin kasuwa.

A 1893 ya sayi wani fili mai dausayi a ƙetaren hanyar jirgin ƙasa, ya nemi izinin hukuma domin ya karkato ruwan wani ƙaramin rafi mai suna Ru, reshen kogin Epte, ya haƙa tabki. Nan fa rigima ta tashi. Manoman ƙauyen, waɗanda a wannan ruwa suke shayar da dabbobi kuma matansu suke wanki, suka ce tsire-tsiren da baƙon nan zai kawo daga nesa za su zuba musu guba. Wanda ya taɓa zama wurin sasanta mai garka da makiyayi a bakin gulbi ya san irin wannan ƙara, kuma ba a ce manoman ba su da hujjar tsoro ba: ruwan da ya ratsa filin wani, ba ka san yadda zai iso maka ba. Monet ya rubuta wa farfe, daga bisani aka ba shi izini.

Abin da ya shuka cikin tabkin kuwa bado ne. I, badon da ke rufe tabkunan ƙasar Hausa bayan damina, wanda talaka yake tonon saiwarsa in yunwa ta matsa. Nasa dai irin da aka aurar ne, mai furanni ja da rawaya da fari, daga gonar Latour-Marliac. Ya gina kadarko irin na Japan, ya dasa gora da itatuwa masu rassa har ruwa, ya ɗauki ma'aikata shida. Ɗaya daga cikinsu aikinsa shi ne ya shiga kwalekwale da sassafe ya wanke ƙura daga ganyen bado kafin maigida ya fito da kayan zane. Da ƙurar motoci ta ishe shi, sai ya sa kuɗinsa aka shimfiɗa kwalta a hanyar da ta bi gefen garkar. Zane wajen 250 ya yi na wannan bado. Manya daga ciki ya ba ƙasarsa kyauta, suna gidan tarihi na Orangerie a Pari tun 1927.

Monet ya rasu a 1926. Surukarsa Blanche ta riƙe gidan har rasuwarta a 1947, daga nan wurin ya koma kango. Laka ta cike tabkin, ɓerayen ruwa suka rarake gaɓarsa, kadarkon ya ruɓe, ƙaya ta cinye furanni. Ɗansa Michel, da ya mutu a haɗarin mota a 1966, ya bar wa hukumar Académie des Beaux-Arts gidan cikin wasiyya, amma gado ne mai cin kuɗi, kuma kuɗin babu. Sai a 1977 aka ɗora aikin a kan Gérald Van der Kemp, wanda ya gyara fadar Versailles. Shi kuwa ya nufi attajiran Amurka, kuma mafi yawan kuɗin daga can ya fito. Ɗayansu, Walter Annenberg, shi ya biya hanyar ƙarƙashin ƙasa da ke haɗa gidan da tabkin. Aka sake haƙa tabkin, aka gina sabon kadarko, aka buɗe ƙofa ga jama'a a 1980.

Yau kwaɗi da kajin ruwa da tsuntsaye sun koma wurinsu. Masu masauki da gidajen abinci da masu sayar da tsaraba suna cin albarkacin ruwan da aka yi wa gardama. Sai dai ƙauyen mai mazauna kimanin 500 yana fama da cunkoson manyan motoci, kuma a tsakiyar bazara mai ziyara yakan bi layi kafin ya sami tsayawa a kan kadarkon.