Wankin fim na fari da baƙi a gida: kilishe ne ke faɗin inda aka yi kure

Tun da salula ta shiga hannun kowa, da wuya a samu mai wankin fim na fari da baƙi a Yamai, Maraɗi ko Damagaram. Wanda ya gaji tsohuwar kamara kuma yana son amfani da ita, sai dai ya wanke da kansa. Abin mai yiwuwa ne. Philippe Koudjina, wanda ya rasu a Yamai a 2014, da irin wannan fim ya ɗauki hotunan daren birnin a shekarun 1960 da 1970, cikin zafin nan namu.

Aikin bai da yawa: a naɗa fim cikin duhu, a rufe shi a gwangwanin wanki, a zuba rebelatar mai fito da hoto, a ɗauraye, a zuba fiksatar mai tabbatar da shi, a wanke da ruwa, a shanya. To amma in abin ya ɓaci fa? Shawararmu, kada a yi saurin zargin kamara ko mai saida magani. A ɗaga kilishen, wanda wasu ke kira dodon hoto, a dubi bakinsa, inda kamfani ya sa lambobi da sunan fim tun daga masana'anta.

In fim ya fito garau kamar gilashi, babu hoto babu lambobi, laifin na wanki ne: ko an zuba fiksatar kafin rebelatar, ko kuwa rebelatar ya mutu. In lambobin sun fito amma babu hoto, magani ya yi aikinsa, haske ne bai kai ga fim ba, watau bai kama da kyau cikin kamara ba ko ƙofar hasken ba ta buɗewa. In ya fito baƙi ƙirin har bakinsa, haske ya same shi a waje. Mai launin madara kuwa, shi ne mai sauƙi: fiksatar bai gama aiki ba. A maida shi cikin sabo na ƴan mintoci, zai washe.

Babban abokin gaba a ƙasarmu shi ne zafi. Lokutan da kamfanoni ke rubutawa a kan digiri 20 suke. Misali, fim ɗin Ilford HP5 Plus cikin maganin ID-11 wanda ba a sirka ba, minti 7 da rabi ne. A watan Afrilu kuwa, da zafi ke wuce digiri 40, ruwan pompo da kansa yakan wuce 30. Wanda ya bi takardar kamfani da wannan ruwa zai samu kilishe mai duhu, mai tsakuwa-tsakuwa, farar rigar salla ta koma fari fat babu alamar aiki. Rage lokaci ba ya isa, domin wankin da bai kai minti 5 ba ba ya kama fim daidai, wani wuri ya nuna wani bai nuna ba. Abin da ya fi shi ne a sirka maganin rabi da rabi da ruwa, lokacin ya koma minti 13 a digiri 20, a kuma tsoma kwalaben cikin roba mai ruwan randa da ƴar ƙanƙara har ma'aunin zafi ya sauka. Duka kwalaben muke nufi, har ruwan ɗauraya. Fim ɗin da ya fito daga magani mai sanyi ya faɗa ruwa mai zafi, ko akasin haka, fatarsa na iya tsattsagewa kamar laka a busasshen tabki, kuma wannan ba ya gyaruwa. Mu dai a ganinmu, wanda bai da ma'aunin zafi bai shirya wannan aiki ba tukuna.

Zafin yana kashe magani ma. Kodak ya ce D-76 da aka haɗa yana wata 6 a kwalba cike, wata 2 in ta yi rabi, amma wannan ba a ɗakin kwano ba ne. Kafin a zuba, a tsoma guntun fim da ya ga haske: in bai yi baƙi ba, a haɗa sabo.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ɗige-ɗige zagayayyu kumfar iska ce, a riƙa buga gindin gwangwani a tebur bayan kowace juyawa. Alama kamar jinjirin wata tana nuna fim ya lanƙwashe wajen naɗi, galibi saboda gumin hannu ya jiƙa abin naɗin.

Wanki ba sai an ɓarnatar da ruwa ba. Ilford ya ce a cika gwangwani a juya sau 5 a zubar, a sake sau 10, a sake sau 20. Ruwan rijiya mai kanwa yana barin fararen tabo, don haka ɗaurayar ƙarshe a yi ta da tataccen ruwan da ake sa wa batir, wanda babu asid ciki. Da hunturu kuma ƙura tana manne wa jiƙaƙƙen fim ba ta fita. A yayyafa ruwa a ɗaki, a rataye fim, a rufe ƙofa awa biyu ko uku. Tsohon fiksatar yana ɗauke da azurfa, a tara shi a bidon, kada a zubar kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.